Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta tallafa wa marayun unguwa, shekarar 2025

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Shugaba ya ce in rubuta rahoto kamar yadda aka saba, to ga shi, kuma tun yanzu ina neman afuwa don akwai wuraren da zan faɗi magana ba kwana-kwana.

Mitin ɗin wata-wata an yi shi duka in ban da na azumi da na Agusta da ruwa ya hana, fuskokin da aka saba gani dai su ake gani.

Bari in fara da abin da ya faranta mana rai, wato kayan sallar yara. Bara kun tuna yadda muka makara har teloli suka ƙi karɓar ɗinki, wasu yaran sai bayan sallah da kwana uku suka sa nasu, to bana tun cikin Sha'aban ni da Ma'aji da Hajiya uwar ƙungiya muka shiga kasuwar Kwari muka ɗauko yadin maza da atamfar mata da yadin hijabi, kafin a ɗauki azumi ran 1 ga Maris kaya suna hannun teloli. Da yake gwamnati ta ba da hutun makarantu na watan azumi gaba ɗaya, yaran suna gida, awo bai ba mu wahala ba. Takalma kuwa dabarar Hajiya ce ta fisshe mu, ta sa aka bi gida-gida da tsinken tsintsiya ana auna ƙafar kowane yaro a karya tsinken daidai tsawon ƙafarsa a manna masa takarda da suna, haka muka je Ƙofar Wambai da damin tsinke a leda, mai shagon yana ta dariya amma wallahi da aka zo rabo ƙalilan ne aka mayar aka canzo.

Telolinmu na unguwa Allah ya saka musu da alheri, kuɗin zare da maɓalli kawai suka karɓa, a lokacin da kowane tela yake kwana a shago yana neman na sallarsa, ga wuta ba ta zama. Shinkafa da taliya da man girki wani bawan Allah ne ya aiko daga kasuwar Singa ya ce kar a faɗi sunansa, ba zan faɗa ba.

Ranar rabon, kwana uku kafin sallah, a ƙofar gidan Mai unguwa aka yi bayan la'asar, Liman ya buɗe da addu'a. Matan ƙungiya tun safe suna cikin gida suna yi wa 'yan matan kitso da lalle kyauta. Wanda bai zo ba ya yi asara, ba zan ɓoye ba. Akwai wani ɗan ƙaramin yaro da bai fi shekara shida ba, ana ba shi ledarsa ya zaro hular ya kifa a kai, ta yi masa yawa ta rufe masa kunnuwa, aka ce kawo a canza maka ya riƙe ta da hannu biyu ya ce shi wannan yake so, kakarsa ta gaya min daga baya da ita ya kwana. Ran Lahadi 30 ga Maris da muka fito idi na hango su a sahu cikin ɗinkinsu, ba mai iya ware su daga sauran yara ya ce wannan maraya ne, dama abin da muke nema ke nan. Masu cewa me ya sa ba a ɗora hotunan yaran a Facebook ba don a jawo masu taimako, kwamiti ne ya hana kuma ina tare da kwamiti, yaran nan za su girma su yi aure a unguwar nan, ba za mu bar musu hoto riƙe da leda yana yawo ba.

To yanzu sai ɗaya ɓangaren. A azumi kowa hannunsa a sake yake, alat yana ta shigowa har dare, ana sallah sai ka ji ɗif kamar an ɗauke wuta. Su kuwa yaran ba ranar sallah kaɗai suke raye ba, zango uku ne a shekarar karatu. Ana cewa ai karatu kyauta ne, e gaskiya ne dokar 2004 ta ce firamare da shekara uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, amma wa zai ɗinka yunifom, wa zai sayi littafin rubutu da jaka da safa, wa zai ba da kuɗin tara? Uwar da take wankau ko dakau tana riƙe da yara huɗu in ba ta da abin karin kumallo talla za ta ɗora wa yarinya, kuma ba za ka ga laifinta ba. A watan Satumba mun yi wa 'yan firamare yunifom da littattafai, na 'yan sakandare kuwa sai da zango ya yi nisa muka kammala, dalili ɗaya ne, kuɗin wata bai shigo ba.

Maganar kuɗin watan nan ta ishe ni, Allah ya sani. Ko rabin waɗanda sunansu yake cikin rajista ba sa biya a kan kari, akwai waɗanda tun bara ba su ba da ko sisi ba amma su ne na farko wajen tura hadisin nan na mai kula da maraya da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu. Hadisi gaskiya ne, sai dai turawa a WhatsApp ba ta biya wa yaro kuɗin jarrabawa. In na kira a ce ana mitin, in na je shago a ce Alhaji ya fita alhali ga takalminsa a bakin ƙofa, da katina nake kira da man mashin ɗina nake yawo, har na zama kamar mai bin bashi mutum ya hango ni ya canza layi. Na san ana cikin matsi, tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, amma ku tuna kuɗin watanmu tun kafin lokacin aka yanke shi ba a ƙara ko naira ba, kuma cikinmu akwai ma'aikatan da aka yi wa ƙarin albashi bayan an mayar da mafi ƙarancinsa naira 70,000 a 2024. Wanda da gaske ba shi da hali ya faɗa wa Ma'aji a asirce a ɗauke masa, ba abin kunya ba ne, shirun ne yake ɓata mana lissafi.

Ajin lesin da muka fara ginawa a filin da aka ba mu, na ji ana ta ƙananan maganganu cewa shekara ta zagayo gini yana nan a linta, ina kuɗin kwano. Ga inda ya tafi. Cikin 'yan ajinmu na ƙarshen sakandare ba duka ne suka haye jarrabawar kwalifayin da gwamnatin jiha take dubawa ta biya wa ɗalibai kuɗin NECO ba, waɗanda ba su haye ba kanmu suka dawo, ga ranar rufe rajista ta matso. Kwamiti ya zauna aka ce bulo zai iya jira, yarinyar da ta rasa jarrabawa kuwa shekara guda ta tafi, wataƙila ma a aurar da ita magana ta ƙare. Sai kuma yaron nan da aka kwantar a asibiti da damina, kun san shi, jini da magani duk daga nan aka ɗiba. Rasit ɗin komai yana wajen Ma'aji, mai shakka ya zo mitin ya duba da idonsa, ya fi a yi ta yi da mu a majalisa.

JAMB ma ta ba mu aiki, don ba a rajista sai da lambar NIN, wasu yaran ba su da takardar haihuwa, wani sunan da yake makaranta daban da wanda kawunsa ya rubuta masa, haka muka yi ta zirga-zirgar gyara, ɗaya dai bai samu ba sai baɗi in Allah ya kai mu. Don Allah masu riƙon yara a nemi takardar haihuwa tun suna ƙanana.

Kekunan ɗinkin da muka yi wa iyayen marayu alkawari ba a saya ba, ba zan yi dogon bayani ba, dalilin ɗaya ne da na sama. Rajista da CAC kuma, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda sai da ita za mu buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mu daina tara kuɗi a asusun Ma'aji, ta tsaya ne saboda biyu daga cikin amintattu har yau ba su kawo hoto da katin shaidarsu ba, sun san kansu. Malamin da yake yi wa yaran lesin a zauren Mai unguwa yana bin mu alawus na wata biyu, bai taɓa buɗe baki ya tambaya ba, wannan ma ya fi damuna.

Mitin na gaba Lahadin farko ta Janairu bayan la'asar, wurin da aka saba. Za a karanta sunayen waɗanda ake bi bashi, Shugaba ya amince, don haka mai son kar a ji nasa ya ga Ma'aji kafin ranar. Za kuma a tattauna ƙarin kuɗin wata da zaɓen wanda zai taya ni karɓa, don ni kaɗai na gaji.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya