Aikin Adum da cikin wata huɗu

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya yara, ya Oga? Kada ki fara yi mini mitar shiru, ke ma tun ƙaramar sallah ban ji muryarki ba, sai hotuna a WhatsApp kina cikin wannan jibgegiyar rigar sanyin da ta haɗiye ki. Gyara zama, labari biyu ne, kuma sun sarƙe da juna.

Na farko, ina da juna biyu, wata huɗu. Ki kama bakinki, daga Hajiya sai maigida suka sani, Goggo ma ba a gaya mata ba, kin san in ta ji, duk unguwarmu Aboabo ta ji. Laulayin ya raba ni da waakye, shinkafa da waken nan tamu. Ni! Ko ƙamshin yajin shito ba na so, koko da ƙosai ne abincina safe da dare.

Na biyu, kamfanin magungunan nan na Adum, cikin garin Kumasi, da na nema tun bara sun kira ni, sun ba ni aikin akanta. Albashin ya kusa ninka abin da Madam take ba ni a makaranta, kuma za su riƙa zuba mini kuɗin fansho na SSNIT yadda ya kamata, kashi 13 nasu, kashi 5.5 nawa. Madam kuwa sai ta tuna. Na fito ina murna, sai da na zauna a motar haya ta trotro na karanta takardar da kyau jikina ya yi sanyi: wata 6 na gwaji, hutun haihuwa kuma mako 6.

Mako 6 kwana 42 ne. Wato in gama wankan jego, a yi arba'in, in ƙara kwana biyu, in ɗaura ɗankwali in tafi Adum. Hakan ma sai in na yi ta zuwa ofis har ranar da naƙuda ta kama ni, don duk kwanan da na ɗauka kafin haihuwa daga cikin 42 ɗin za a cire. In kuma aka yi mini aiki fa, Allah ya kiyaye?

Abin da ya fi ba ni haushi, doka ba haka ta ce ba. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wadda ake kira Act 651, sashe na 57, ta ba mai haihuwa aƙalla mako 12 da cikakken albashi, ban da hutun shekara. In tagwaye ne ko haihuwar ta zo da matsala, a ƙara aƙalla mako 2. In ta koma aiki tana da awa ɗaya kullum ta shayarwa, kuma ba a korar mace don ta tafi hutun haihuwa. Mako 12 ɗin ma bai kai 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a 2000 ba, balle wata 6 na nono zalla da nas-nas suke nanata mana duk ranar awo. A 2023 har ɗan majalisar Madina ta Accra, Francis-Xavier Sosu, ya kai ƙudurin a ƙara hutun. Ga wasu kuma a Adum suna raba 12 ɗin gida biyu.

Na san me za ki ce, ke 'yar hutun haihuwa na mako 52 a Ingila. Ki yi mana shiru, mun ga yadda kika yi ƙiba a hutun autarki.

Maigida ya ce in sa hannu in yi gum, hijabi yana rufa asiri, in lokaci ya yi doka tana bayana. Gaskiyarsa a takarda. Amma lissafa: haihuwar za ta zo ina cikin watannin gwaji. Ba wanda zai ce don ciki ne, cewa za su yi aikina bai gamsar ba, shi ke nan. Daga nan sai in goya jariri in kama zirga-zirgar Hukumar Ƙwadago, ga kuɗin haya yana jira. Awa ɗayan shayarwar ma, daga Adum zuwa Aboabo cunkoson Kejetia kaɗai zai cinye ta. Hajiya ta ce kada in saki reshe in kama ganye. Wurin Madam albashi ba yabo ba fallasa, amma zan haɗa mako 12 da kwana 15 na hutun shekara, da ƙafa nake zuwa, kuma malamai biyu sun yi goyonsu a ofishina ba wanda ya ɗaga musu gira. Sai dai ita Hajiya ba ta san nawa ake sayar da gwangwanin madarar jarirai yanzu ba. Awo da haihuwa kyauta ne a katin inshorar lafiya na NHIS tun 2008, amma hoton ciki da wasu magunguna sai an sa hannu a aljihu.

Af, kin ji Yaya Babba zai ƙara aure? 'Yar Sawaba ce, mai sayar da mayafai. Uwargida ta ce ba komai, amma ta sake fentin ɗakinta har sau biyu. An fitar da yayi, kore ne mai ratsin ruwan goro, irin wanda kika rantse ba za ki ƙara sawa ba. Na riga na ce a yanka miki yadi shida.

Ni dai ga inda zuciyata ta karkata. Ranar Litinin zan je in gaya wa matar da ke kula da ma'aikata cewa ina da ciki, in nemi su rubuta mako 12 a takardar kafin in sa hannu. Ba alfarma nake roƙo ba. In sun rubuta, na samu wurin da zan daɗe. In fuskarta ta canja, gara in gani yanzu da in gani ina zaune kan tabarmar jego. Maigida ya ce wauta ce, tun jiya yake shan kunu, amma dai ya sayo mini lemon tsami.

Adashinmu na wannan wata ke kaɗai kika rage, ki turo ta momo, kuɗin waya, kafin Juma'a. In akwai kayan jarirai na autarki da ba su mutu ba, ki haɗa a ba mai zuwa, ban da masu kaurin nan, zafin Kumasi bai canja ba. Hajiya tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko mata ya ƙare.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Aboabo