Wasiƙa daga Garwa: Labarin Takwararki

Garwa, Kamaru, daren Laraba

Assalamu alaikum ƙawata, aminiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Lakwaja. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ki da kyau, ta ce in tambaye ki ko ciwon ƙafar mahaifiyarki ya yi sauƙi.

Kin yi ƙorafi a saƙonki na ƙarshe cewa hoto kawai nake turo miki, babu labari. Gaskiyarki ne. Da na ɗauki waya zan yi miki magana sai takwararki ta rugo ta ce ita za ta yi, in na miƙa mata kuma kunya ta kama ta, ta yi ta hura iska a wayar. Shi ya sa yau na bari ta yi barci, babanta kuma bai taso daga shago ba, na ce bari in zauna in rubuta miki a tsanake.

Rabonki da ita tun ranar suna fa. Ba zan manta da ranar ba, 23 ga Janairun 2022, garin nan ya cika maƙil da baƙi saboda gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Da safe aka raɗa mata sunanki, da dare Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya a filin Rumde Ajiya, maigidanki ya dawo ko tuwon suna ya kasa ci. To jinjirar nan da kika goya kina zagaya tsakar gida da ita, saura 'yan kwanaki ta cika shekara huɗu. Ta yi tsawo, siririya ce kamar dangin babanta, tana da wushirya. Ba ta son kitso ko kaɗan, sai an yi da gaske. Amma akwai kyauta, duk abin da aka ba ta sai ta gutsura wa na kusa da ita, har akuyar Inna. Nakan ce sunan ne ya bi ta.

Yanzu muna tsakiyar hunturu. Hazo ya rufe gari, da safe ko duwatsun Tingilin ba a hangowa. Bayan sallar asuba nakan ɗora ruwan zafi, in dama kunun gyaɗa, in aiki yaron maƙwabta ya sayo ƙosai. Kafin ta tashi na gama shara. Sai wanka, sai man kaɗanya tun daga goshi har tafin ƙafa, don in ba haka ba kafin azahar ta yi furu-furu, leɓenta ya tsage. Lokacin auduga ne, manyan motocin kamfanin auduga na Sodecoton suna ta wucewa a babban titi, iska tana zubar da 'yan guntaye a gefen hanya. Duk sanda muka fita sayen kayan miya sai ta tsaya tsinta. Ta tara cikin gwangwanin madara guda, wai matashin kai za ta yi wa 'yar tsanarta. Tafiyar da nake yi a minti goma in ni kaɗai ce, da ita sai mu yi rabin awa, kuma na daina gaggauta ta.

Amma abin da ya fi cika mata rai a duniya yanzu shi ne dorina.

Yadda abin ya faro, wata Juma'a bayan la'asar babanta ya ce mu fita shan iska. Muka hau babur ɗinsa, ita a tsakiya, muka nufi gada. Kin san Binuwai a wannan lokaci, ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, masu wanki sun shanya kaya, masu lambu suna ban ruwa a gefe. Ni kaina na daɗe ban sauka wurin ba, ina jin tun muna 'yan mata da muke raka yayarki sayen kifi. Wani dattijo masunci da ke gyaran koma ya gan mu da yarinya, ya nuna mana can tsakiyar ruwa da haɓarsa, ya ce mu zuba ido. Da farko ba mu ga komai ba sai wani abu baƙi kamar dutse. Can sai dutsen ya kaɗa kunne. Ya feso ruwa ta hanci, ya wage baki har muna hango haƙora, sannan ya nutse.

Ƙawata, da kin ga yarinyar nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta damƙe zanena da hannu biyu, idonta a kan ruwa, ta ce a hankali, "Umma, ta mutu?" Dattijon ya yi murmushi ya ce ba ta mutu ba, dorina takan yi kusan minti biyar a ƙarƙashin ruwa kafin ta ɗago ta shaƙi iska. Sai babanta ya ce su ƙirga. Ƙirgarta ba ta wuce goma ba, don haka suka yi ta kai wa goma suna komawa ɗaya, har kunnuwan suka sake ɓullowa a wani wuri daban. Tsallen da ta yi a wurin, takalminta ɗaya ya fita.

Dattijon ya ja mana kunne ƙwarai, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce kada ganin ta kwance shiru ya ruɗe mu, babu dabbar da masunta suke shakka kamarta, musamman in tana da ɗa, tana iya kifar da kwalekwale. Da dare take fitowa kiwo, kuma ba a shiga tsakaninta da ruwa. Saboda haka daga nesa muke tsayawa, kuma kafin magariba mun bar wurin. Yanzu kusan kowace Juma'a sai mun je. Wani lokaci mu gan su, wani lokaci mu dawo haka nan da soyayyar karfasa a takarda.

A can ne na faɗa mata inda kike. Na ce wannan ruwan da take gani, daga tsaunukan wajen Ngawundare ya taso, in ya wuce mu sai ya shiga Najeriya, ya bi ta Yola da Numan da Makurɗi, har ya je ya haɗu da kogin Kwara a garin da takwararta take. Ta yi shiru tana tunani, sai ta ciro auduga daga aljihunta ta ce a kai ta bakin ruwa. Babanta ya ɗauke ta, ta jefa, ta ce an aika miki. Tun daga ranar ba ta zuwa hannu biyu. An aiko miki da ganyen mangwaro, da rabin ƙosai, da murfin kwalba. Inna da ta ji labari ta ce ai ba ƙarya yarinyar ta yi ba, a zamaninsu da damina jiragen ruwa sukan hauro tun daga can ƙasa har tashar jirgin Garwa, su sauke gishiri da kaya, su ɗauki auduga da gyaɗa. Ita da idonta ta gani tana yarinya. Yanzu tashar tana nan shiru.

Akwai abin da ke damuna, kuma ke ce za ki fahimce ni, tun da a nan kika tashi. Ranar da muka dawo daga ganin dorinar farko, ta ruga wurin Inna tana cewa, "Inna, na ga ngabbu!" A wurin yaran layi ta ji sunan. Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Dorina ake cewa a gidan nan." Kin san yadda garinmu yake, da ka fita ƙofar gida Fillanci ne, a kasuwa, a wurin mai babur, a wurin wasa. Mu ma haka muka tashi, kuma ban ga laifinsa ba, harshen maƙwabtanmu ne da 'yan uwanmu, wanda bai iya shi ba a Garwa ya zama kurma. Amma mu a lokacinmu gida cike yake da kakanni da goggonni, Hausa ta ko'ina. Ita kuwa daga ni sai babanta sai Inna. In ta yi fushi "mi yiɗa" take cewa, in tana jin ƙishi wani lokaci "ndiyam" ne yake fara zuwa bakinta kafin ruwa. Ga Faransanci yana jiran ta a lekol, makarantar boko.

Inna ba ta tsaya faɗa ba, sai ta dawo da tatsuniya. Kullum bayan isha'i, ko da wuta ko babu, sai ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yarinyar ta amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" Da gangan Inna ta fara da ta Gizo da Giwa da Dorina, wadda ya ba kowace bakin igiya, ɗaya a tudu ɗaya a ruwa, suka yi ta ja kowace tana zaton da Gizo take ja. An yi mata ita ya fi sau ashirin. In Inna ta tsallake wani wuri sai ta gyara mata. Shekaranjiya na ji ta a bayan ɗaki ta jera 'yar tsana da gwangwanaye tana yi musu, har da maƙale murya irin ta Gizo, ta rufe da "ƙurunƙus kan kusu." Na tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare, sai da idona ya kawo ruwa. Har yaran maƙwabta biyu sun fara zuwa, su da ba Hausawa ba, suna zama a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ban faɗa miki ba lokacin da ya faru, don kada in tayar miki da hankali. Ta yi zazzaɓi mai tsanani a ƙarshen damina. Kin san a nan arewa, tun 2016 ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata. Ma'aikata su ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. Na Yuli da na Agusta ta sha duka. Na Satumba ya zo daidai da rasuwar da aka yi mana a Marwa, muka tafi a gurguje, na bar ƙwayoyin a kan kwaba. Gidan makoki kuma cike, babu wurin ɗaura gidan sauro. Bayan mun dawo da kamar kwana goma, cikin dare na taɓa ta na ji jikinta kamar garwashi. Tana rawar sanyi, tana amai, idonta ya juye. Babanta ya tayar da babur, na goya ta da zane biyu, ana yayyafi, muka nufi asibiti. A hanya ina jin numfashinta a wuyana, babu addu'ar da ban karanta ba. Aka gwada jini aka ce shi ne. Kwana uku muka yi ana yi mata allura. Ran na uku da safe ta buɗe ido ta ce tana son kunu, ban san sanda na yi sujada a ƙasan ɗakin ba. Har yau in na tuna ƙwayoyin nan a kan kwaba sai gabana ya faɗi. Don Allah ke ma ki kula da gidan sauron yaranki, ku da kuke bakin ruwa biyu.

Yanzu ta warware sarai, ta mayar da jikinta. Lahadin da ta wuce ma mun bi babanta kasuwar Pitowa, ya kai atamfa. Mun sayo albasa da yakuwa da busasshiyar tafasa, ita kuma ta liƙe wa wani ɗan akuya sai da aka ɓamɓare ta. Ya yi mana alkawarin Lagdo kafin zafi ya shigo, don kin san daga Maris zuwa Afrilu nan sai ya haura digiri 40, ba a fita da yaro. Ina so ta ga tafkin da dam ɗin da ke ba mu wuta, mu ci giwan ruwa mai zafi a bakin ruwa. Ni kuwa duk sanda aka ambaci Lagdo ke nake tunawa. Ambaliyar 2022 da ta ci unguwanni a Lakwaja bayan an saki ruwan dam ɗin, kwana nawa na yi ina neman layinki ba ya shiga.

Ta fara zuwa makarantar allo a zauren malamin layinmu, ta riƙe Fatiha da Ƙulhuwallahu. Maganar lekol ce ba mu gama ba. A Satumba za ta shiga ajin ƙanana in Allah ya kai mu. Ni na fi son ɓangaren Faransanci, don shi na yi, zan iya duba mata littafi. Babanta ya fi son na Ingilishi, ya ce gaba za ta iya ƙaro karatu a Najeriya, ga gidan takwararta. Ke me kika gani? Ki faɗa mini gaskiya yadda kika sha da naki karatun na Faransanci da kika koma can.

Ina roƙon ki abu biyu. Ki yi mata tatsuniya a waya ki turo, kowace kika tuna, ko ta Ƙoƙi ce, ina so ta san muryarki sosai. Sannan ki roƙi maigidan ya bar ki ki zo mana Babbar Sallah. Na san hanyar da nisa, amma in kin iso Yola kin zo gida, babanta zai je har kan iyaka ya tarye ki. Ɗakin baƙi yana nan, an sake masa rufi bana.

Kin tambayi lambar takalminta, 26 take sawa, amma ki sayo 27. Na ba direban da ke zuwa Yola kilishi da man kaɗanya ya bai wa ƙaninki, ki tambaye shi. Ga ta can ta motsa tana kira, ta ture bargo sanyi ya kama ta. Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa kan yara.

Taki har kullum,
Maman takwararki