Wasiƙar godiya ga ofishin da ya shirya mana tafiyar Santambul

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikatan ofishin sayar da tikitin jirgi da shirya tafiye-tafiye da ke kan titin Biu, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode muku a madadina da abokan tafiyata, bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu a tafiyar da muka yi zuwa birnin Santambul na ƙasar Turkiyya sarin kaya. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a saboda abin da kuka yi mana ya shafi duk ɗan kasuwar Gombe da ke da niyyar zuwa can, kuma ina son su san ofishin da ya kamata su nufa.

A saninmu, aikin mai sayar da tikiti yana ƙarewa ne da zarar ya karɓi kuɗi ya miƙa takarda. Yadda matafiyi zai fita daga filin jirgi ya isa masaukinsa, a garin da bai san harshensu ba, wannan kuma tsakaninsa da Allah. A ofishinku ba haka muka gani ba. Bayan an kammala maganar biza da tikitin filin jirgin Lawanti na Gombe zuwa Abuja da na Abuja zuwa Santambul, matashin da ke kula da tafiye-tafiyen ƙetare ya ce mu ɗan zauna, sannan ya tambaye mu lokacin da jirginmu zai sauka, da unguwar da muka kama masauki, da yawan kayan da za mu riƙo, da kuma lafiyar kowannenmu. Mu uku ne: ni, da ƙanena wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba, da Alhaji, maigidana a kasuwa, dattijo ne mai fama da ciwon gwiwa. A kan waɗannan amsoshi ya gina shawararsa, bai ɗauko mana wadda yake bai wa kowa ba.

Alhaji ya san Santambul tun da daɗewa, kuma a saninsa mutum yana fitowa daga jirgi sai ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a Aksaray, ya taka da ƙafa zuwa Laleli inda shagunan tufafi suke. Ma'aikacinku bai katse shi ba. Sai da ya bari ya gama, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba Alhaji, gaskiya ne haka abin yake a da, amma wancan filin jirgin Ataturk ne, kuma tun watan Afrilu na 2019 aka kwashe jiragen fasinja daga can." Ya bayyana mana cewa sabon filin, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2018, yana can arewa maso yammacin birnin, a gefen Baƙin Teku, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari, don haka tsohuwar hanyar da Alhaji ya sani ba ta kai wa can. Ya kuma nuna mana haruffan IST a jikin tikitinmu, ya ce mu riƙa dubawa ko da a wata tafiyar, domin birnin yana da fili na biyu mai suna Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, mai haruffan SAW, kuma wanda ya rikita su ranar dawowa zai iya rasa jirginsa.

Daga nan ya shiga bayanin hanyoyin shiga gari, kuma a nan ne na gane cewa ofishinku yana bibiyar abin da yake faɗa. Ya fara da jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M11, wanda ya soma aiki daga filin jirgin a watan Janairu na 2023, aka kuma ƙarasa shi zuwa tashar Gayrettepe a Janairun 2024. Ya ce shi ne mafi sauri kuma mafi araha, domin cikin kimanin rabin awa yake isa Gayrettepe, kuma babu ruwansa da cunkoson motoci. Daga can sai a canza zuwa layin M2, wanda ke ratsa Osmanbey da Taksim har ya kai Vezneciler, kusa da Laleli. Amma bai ɓoye mana wahalarsa ba. Akwai tafiyar ƙafa daga inda ake ɗaukar kaya zuwa tashar, tashar Gayrettepe kuma tana da zurfin da ya haura mita 70 a ƙarƙashin ƙasa, ga doguwar tafiya tsakanin layukan biyu, sannan jirgin ba ya kwana yana aiki. Ya dubi Alhaji ya ce wannan hanya ta matasa ce masu jaka ɗaya a kafaɗa, ba zai so dattijo mai ciwon gwiwa ya fara da ita ba bayan ya kwana a zaune cikin jirgi.

Abin da ya zaɓar mana shi ne motocin bas na Havaist, waɗanda ke tashi daga hawa na ƙasa na ginin filin jirgin zuwa unguwanni daban-daban, ciki har da Taksim da Aksaray. Dalilansa a fili suke: bas ɗin yana da wurin zuba akwatuna a ƙarƙashinsa, kowa yana samun kujera, kuɗinsa ƙayyadadde ne babu ciniki, kuma babu sauka a hanya balle canjin mota. Ya gargaɗe mu cewa tafiyar tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, ko fiye idan aka faɗa cunkoson safiya, don haka mu yi alwala mu sallaci Asuba a masallacin filin jirgin kafin mu fito. Wannan tunatarwa kaɗai ta isa a gode masa, domin agogon Turkiyya yana gaban namu da awa 2, kuma baƙo yana iya shagala da neman kaya har rana ta fito bai ankara ba.

Game da tasi kuwa, bai hana mu ba, sai dai ya koya mana yadda ake shigarta. Ya ce mu nufi layin tasi na hukuma da ke bakin ƙofar fita, kada mu saurari duk wanda ya tare mu a cikin zaure yana cewa yana da mota. Ya bayyana cewa launin mota yana nuna farashinta: rawaya ita ce mafi sauƙi, shuɗiya ta fi ta tsada, baƙa kuma ta manya ce. Ya ce mu tabbatar direba ya kunna mita kafin mota ta motsa, kuma mu sani cewa kuɗin babbar hanya ana ɗora shi ne a kan abin da mita ta nuna, don kada mu ɗauka an cuce mu mu tayar da rigima a banza. Wannan magana ta ƙarshe ta burge ni ƙwarai, saboda yawancin masu ba da shawara direba kawai suke zargi, ba sa gaya wa fasinja abin da yake haƙƙin direba ne. Labaran 'yan'uwanmu da aka zagaya da su gari aka karɓe musu dala masu yawa ba baƙi ba ne a kasuwa, kuma idan aka bi diddigi, galibi daga amsa kiran ɗan kamasho a cikin zaure abin yake farawa.

Duk wannan bayani ya rubuta mana shi a takarda guda, tare da sunan otal ɗinmu da adireshinsa da rubutun Turkanci, ya ce mu nuna wa duk wanda za mu tambaya, tunda layin wayarmu ba lallai ya yi aiki ba a sa'o'in farko. Da muka sauka, yadda ya faɗa haka muka tarar. Muka canza 'yar dala kaɗan zuwa lira kamar yadda ya ce, domin canjin filin jirgi ba ya da daɗi, muka sayi Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin sufuri na birnin, a na'ura, muka sauka ƙasa muka sami bas ɗin Aksaray. Alhaji ya yi barcinsa har muka iso. Katin nan kuma shi muka riƙa amfani da shi a jirgin kan titi na T1 da ke bi ta Aksaray da Laleli da Beyazit, har ma da jirgin ruwa ranar da muka tsallaka ɓangaren Asiya. Ƙanena, da yake yaro ne mai son ganin ƙwaƙwaf, ya gwada layin M2 zuwa Osmanbey shi kaɗai da takardar nan a hannu, ya je ya dawo lafiya.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ya fi duk wannan girma a wurina. Ofishinku yana da wanda kuke hulɗa da shi a can mai ɗauko baƙi da mota daga filin jirgi, kuma na san kuna da ɗan abin da kuke samu idan aka ɗauke shi. Ni da kaina na nemi a haɗa mu da shi tun daga zuwa. Ma'aikacinku ya ce ba mu buƙatarsa a ranar sauka, tunda akwatunanmu kusan babu komai a ciki, bas ya ishe mu, mu adana kuɗin mu ƙara a jari. Ya ce ranar dawowa ce za mu buƙaci babbar mota, lokacin da kowa ya cika akwatunansa da abayoyi da kayan yara bayan abin da muka tura ta kago, domin but ɗin ƙaramar tasi ba zai ɗauki kayan mutum uku ba. Haka kuwa aka yi. Motar ta zo ƙofar otal a kan lokaci, a kan farashin da aka yanke tun a Gombe, direban bai nemi ƙarin ko lira ɗaya ba, kuma ya baro da mu da wuri saboda cunkoson yamma, muka isa da sauran lokaci mai yawa na awon kaya. Mutumin da ya ga riba a gabansa ya ce wa abokin ciniki ya riƙe kuɗinsa, ya cancanci a faɗi alherinsa a gaban maigidansa, kuma ina roƙon ka isar masa da wannan yabo a gaban abokan aikinsa.

Roƙona ɗaya gare ku shi ne ku buga irin wannan takarda da yawa ku ajiye a kan teburi, ku kuma riƙa sabunta ta, domin farashi da lokutan motoci a Santambul suna yawan canzawa. Idan da hali ku yi makamanciyarta ga masu zuwa Jidda da Alƙahira da Dubai, musamman iyayenmu mata da masu tafiya neman magani.

Alhaji ya ce in gaishe ku da kyau, kuma ya ce tikitinsa na gaba a wurinku zai yanka. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci ofishinku da zuriyarku, amin.

Naku a kullum,
Wani ɗan kasuwar tufafi,
Babbar Kasuwar Gombe.