Ba daga Majnunu Laila aka ciro Romeo da Juliet ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A majalisun Hausawan Makka da Jidda an saba jin ana cewa wai labarin Ƙaisu (wanda ake kira Majnunu) da Laila na ƙasar Najdu Shakespeare, marubucin nan na Ingila, ya ɗauka ya sa masa rigar Turawa a wasan kwaikwayonsa na Romeo da Juliet. Maganar tana da daɗin ji, amma babu hujja a kanta.

Salsalar wasan daga Italiya take. A 1476 Masuccio ya rubuta labarin wasu masoya a birnin Siena. Wajen 1530 Luigi da Porto ya mai da shi Verona, shi ne kuma ya raɗa musu sunayen da muka sani. Bandello ya sake rubuta shi a 1554, Boaistuau ya fassara shi zuwa Faransanci a 1559, Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562. A wurin Brooke Shakespeare ya samo shi, aka fara buga nasa a 1597.

Gwanintarsa ita ce matse lokaci. Abin da ya ci watanni a waƙar Brooke, shi daga Lahadi zuwa asubahin Alhamis ya gama. Gaggawar nan ce ta hallaka yaran. Limamin coci Lawrence, wanda ya ɗaura wa Romeo da Juliet aure a asirce, ya ba Juliet maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42, da nufin Romeo ya zo daga birnin Mantua, inda yake zaune bayan an kore shi daga Verona, ya ɗauke ta in ta farka. Sai mahaifinta, wanda bai san da auren sirrin ba, ya matso da ɗaurin aurenta da wani basarake mai suna Paris daga Alhamis zuwa Laraba, dole ta sha maganin da wuri. Ɗan saƙon da aka ba wasiƙar da za ta bayyana wa Romeo dabarar kuma aka killace shi a wani gida saboda zargin annoba, bai ko fita Verona ba. Baran Romeo, wanda bai san dabarar ba, shi ya kai masa labarin mutuwa. Romeo ya sayi guba da tsabar zinariya 40, ya kashe Paris a bakin kushewa, ya sha. Juliet ta farka ta tarar da gawarsa, ta soke kanta da wuƙarsa. Yarinyar da ko shekara 14 ba ta cika ba, fa.

A rubutun da Porto da na Bandello, Juliet tana farkawa kafin ran Romeo ya fita, har su yi bankwana. Boaistuau ne ya hana su wannan, Brooke da Shakespeare suka bi shi.

Ƙaisu ɗan Mulawwahi kuwa bai taɓa auren Laila ba. Baitocin da ya yi ta rera mata ne suka sa danginta suka hana shi, aka aurar da ita ga wani, ya shiga sahara yana sambatu har ajali ya cim masa. Babu auren sirri, babu guba, babu wasiƙar da ta maƙale a hanya.

Wassalam.

Mai koyar da adabi,
Jidda, Saudiyya