Rahoton ayyukan bana ga membobi: launin ƙasa, takardar kachalla da sautin fadama

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Bana mun tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: duk wurin da za a zana, daga jikinsa za a samo kayan aikin.

Launin ƙasa, wato fentin zane da ake haɗawa daga ƙasa, shi ne ya fi cin lokaci. Ana tankaɗe jar ƙasa, a dama ta da ruwa a bokiti, a jira minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan a tsiyaye ruwan da ke sama a wani mazubi ya kwana. Taɓon da ya taru a ƙasa shi ake shanyawa a inuwa a niƙe. Abin haɗi kuwa ƙaro ne, kashi 1 a ruwan ɗumi kashi 2, ya kwana ya narke a tace da ƙyalle, a ɗiga zuma kaɗan. Zanen Dutsen Dala da na badala da aka cika wa ƙaro sun tsattsage da hunturu ya busa. Da damina kuma ruwan ƙaron yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, don haka a riƙa haɗa na kwana biyu kawai.

Kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadejia da Nguru har ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ita muka mayar takarda. Ana yanka ganyen guntu-guntu, a dafa da ruwan toka awa 2 zuwa 3, a wanke sosai, a daka a turmi, a kwashe da rariya mai katako. Wadda ba a wanke da kyau ba ta fito da rauni, tana karyewa a ninki na farko. A kan wadda ta yi kyau aka buga hotunan fadamar.

Masu ɗaukar sauti sun yi aiki a Dagona, mafakar tsuntsaye da ke cikin fadamar, da sanyi, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka. Abin da aka ɗauka da asuba ne kaɗai ya amfanu. Na rana iska ta cinye shi saboda makirfon ba shi da rigar gashi mai tare iska.

Rini bai samu kulawar da ta dace ba, ziyara ɗaya kawai aka kai marinar Ƙofar Mata. Wannan gibi ne, kuma baɗi da shi za a fara.

Duk mai hanyar samun ƙaro ya sayo kafin ruwan farko, ya ajiye a busasshen wuri cikin mazubi mai murfi.