Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiya: Cututtukan Saduwa a Jikin Yara

'Yan'uwa membobi, assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin zartarwa, ga bayanin ayyukan da ƙungiya ta gudanar a bana.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zama da masu kemis, ungozomomi da malaman Islamiyya a unguwannin birnin Kano, domin fahimtar da su cewa idan gwaji ya tabbatar da ciwon sanyi ko tunjere a jikin yaron da ya wuce shekarun goyo, to magani kaɗai bai isa ba, wajibi ne a binciki wanda yake lalata da shi. Abin da muka fi cin karo da shi shi ne uwa ta je kemis ta ce 'yarta ta ɗauko sanyi a masai, a ƙulla mata ƙwayoyi a leda, yarinyar kuma ta koma hannun wanda ya cuce ta, wanda sau da yawa ɗan gida ne ko maƙwabci. Yara maza ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi ɓoyuwa.

Duk da haka mun ja kunnen masu sa kai kada su yi gaggawar zargi, domin ba kowane ƙaiƙayi ne cutar saduwa ba, kuma jariri kan ɗauki tunjere ko ƙanjamau daga mahaifiyarsa, ko sanyi ya kama idonsa lokacin haihuwa. Saboda haka muka matsa wa masu juna biyu su riƙa zuwa awo.

Yaran da aka kawo mana kukansu mun raka su cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke Asibitin Murtala Muhammad. Mun nanata wa iyaye cewa maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 da yin lalata da yaron sannan yake amfani, ana shan sa kwana 28, kuma kada a wanke tufafin yaro kafin likita ya duba. Babban cikas a nan shi ne sulhun zaure: dattawa su taru, a ce a rufa asiri, lokaci ya ƙure. A ganin kwamiti, wannan rufin asirin mai laifi kaɗai yake amfana, shi ya sa muka riƙa karanta wa masu unguwa tanadin dokar kare yara da Jihar Kano ta samu a 2023.

Mun kuma taimaka wajen jawo iyaye su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar dajin bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara a Oktoban 2023.

Mafi yawan kuɗin gudummawarku sun tafi ne a kuɗin mota da na gwaji. Kwamiti na neman amincewar wannan taro a ware asusu na musamman domin kai yara asibiti da daddare, a kuma ƙara mata cikin masu rakiya.