Shirinku kan Darwin bai wuce maganar biri ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Lahadi tun daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Awa guda cur ba a sauka daga kan biri ba. Mai gabatarwa ya ce wai Darwin ya ce kakanmu biri ne, masu bugo waya suka yi ta tsine masa, aka rufe shiri. Haba!

Shekara 19 ina koyar da ilimin halittu a sakandare nan Jos, kuma Musulmi ne ni, na yi imani Allah ne Mahalicci. Amma a faɗi abin da mutum ya faɗa. Littafin da Charles Darwin ya fitar a 1859 da ƙyar ya taɓo asalin ɗan Adam. Babin farko ma tattabaru ne suka cika shi. Maganarsa ita ce 'ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, wanda halittarsa ta fi dacewa da inda yake shi ya fi rayuwa har ya haihu, a hankali sai halin nasa ya yaɗu.

Ni a gidana na ga wannan. Ni da maiɗakina duka AS ne, wato muna ɗauke da gadon sikila a jini amma ba mu da ciwon, ba mu sani ba sai bayan aure. 'Yarmu ta biyu sikila ce. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san abin da yake yi wa mai amosanin jini. Sau nawa na kwana a bencin asibiti, uwarta tana tsoma tawul a ruwan ɗumi tana gasa mata gwiwoyi, yarinya tana cije leɓe don kada ta tashi na gadon kusa. Ran nan ta ce min, "Baba, me ya sa ciwon nan ya fi yawa a wajenmu?"

Amsar tana cikin ilimin da kuka mayar abin zagi. A 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, bayan bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi ta kashe yara, masu AS suka fi tsira, suka girma suka haifa, irin jinin nasu ya yawaita. Idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato sikila. Da kun ba wannan minti biyar, da wani saurayi ya je gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Haka kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro da muka sha muna yara, mai sa ƙaiƙayin nan. Ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka rage suka hayayyafa, har ya daina aiki. Ko Jahiz na Basra, malamin nan Musulmi da ya rubuta Kitabul Hayawan, littafi kan rayuwar dabbobi, shekaru kusan 1,000 kafin Darwin, ba wanda ya ambace shi a shirin.

Sannan don Allah ku duba tallar maganin basir da kuke sakawa. Ƙararta ta ninka ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage rediyo, yara kuma suna zaune ana faɗin kalmomin da ba su dace ba.

Naku mai sauraro,
wani malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos.